Wane Maleƙi Ya Dace da Madubin Hangen Taurarinka? Amsa ga Wani Malami a Gidigir

Wasiƙar wannan makon daga Gidigir ta fito, a gundumar Gure ta jihar Damagaram. Mai ita malamin makaranta ne, ga kuma abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwana ne ya aiko mini da madubin hangen nesa don in riƙa nuna wa ɗalibaina wata da taurari. A jikin kwalin an rubuta da manyan lambobi cewa yana ninka girman abu sau 525. A jikin bututun kuma an rubuta D=70mm, F=700mm. Ƙananan gilasan da ake ɗora ido a kai guda uku ne, H20 da H12.5 da SR4, sai wani ɗan bututu mai rubutun Barlow 3x. Idan na sa H20 ina ganin wata tas. Idan na haɗa SR4 da Barlow ɗin, ba abin da nake gani sai wani haske dishi-dishi yana rawa, kafin in kira yaro ya leƙa ma ya ɓace. Ina so in sayi gilashi mai ƙarfi na ƙwarai wanda zai kai ni 525 ɗin. Wanne zan saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya sa albarka a wannan aiki. Yaron da ya ga duwatsun wata da idonsa, darasin kimiyya ya daina zama masa tatsuniya. Amma kada ka fitar da ko dala wajen neman 525. Babu gilashin da zai ba ka shi a wannan madubi, ko nawa ne kuɗinsa, ko a wace ƙasa aka ƙera shi. Abin da ya dace da kai guda ɗaya ne mai kyau, mai lamba 6 ko 7, wanda ninkinsa zai tsaya tsakanin 100 da 120. Bari in warware maka dalili, domin in ka riƙe shi babu mai sayarwar da zai sake ruɗa ka da lambar kwali.

Ɗan gilashin da ake ɗora ido a kai, wanda masu sayarwa da Faransanci ke rubuta wa oculaire, zan riƙa ce masa maleƙi. Lambar da ke jikinsa milimita ce, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba ita ke ba da babban ninki. Ka ɗauki F na madubinka, wato 700, ka raba da lambar maleƙin. H20 zai ba ka 35, H12.5 zai ba ka 56, SR4 zai ba ka 175. Barlow ɗin yana ninka abin da aka ɗora masa sau uku, 175 sau uku kuwa 525 ke nan. Ka ga inda lambar kwalin ta samo asali. A lissafi ba su yi ƙarya ba, sai dai sun yi shiru a kan ɗaya lambar, wato D, alhali ita ke yanke hukunci.

D shi ne faɗin gilashin gaba, bakin da haske ke shiga. Duk abin da za ka gani, ta wannan baki mai milimita 70 ya shigo. Maleƙi ba ya ƙara haske ko ƙanƙani, shimfiɗa wanda ya shigo kawai yake yi. Kamar curin fura ne guda: ka dama shi a ƙaramar ƙwarya ya yi kauri, ka nemi ya cika babbar ƙwarya sai ka yi ta ƙara ruwa har ya tsinke, geron kuwa yana nan yadda yake. Duk lokacin da ka ninka girma sau biyu, hasken hoton yana raguwa sau huɗu. Daga ninki 100 zuwa 525 ya ragu fiye da sau 27. Dishi-dishin da ka gani ke nan.

Akwai kuma iyaka ta biyu wadda ta fi wannan tsanani. Haske idan ya ratsa ta baki yakan ɗan bazu, kuma gwargwadon ƙanƙantar bakin gwargwadon bazuwar. Saboda haka kowane ɗigo na abin da ake kallo yakan zama ɗan tabo, tabo biyu kuwa in sun yi kusa da juna sai su haɗe su zama ɗaya. Wani Baturen Ingila mai suna William Dawes ya auna wannan iyaka a ƙarni na 19 ta hanyar kallon taurari masu zaman tagwaye. In muka ɗora ma'auninsa a kan wata, wanda ke da nisan kusan kilomita 384,000 daga gare mu, madubi mai bakin milimita 70 ba zai rarrabe abin da bai kai kilomita 3 ba. Mai milimita 130 zai sauko kusa da kilomita 2, mai 200 kuma kusa da kilomita 1. Maleƙi aikinsa ya buɗa wa ido abin da bakin ya riga ya kama. Da zarar ya gama buɗa shi, duk ƙarin da aka yi tabon kawai ake kumburawa.

Masu wannan sana'a sun daɗe da tsayar da ƙa'ida mai sauƙi: ka ninka D sau biyu, nan ne ƙarshen ninki mai amfani. A madubinka 140 ke nan. Ka ga SR4 shi kaɗai, ba tare da Barlow ba, ya riga ya wuce gona da iri.

Kana iya ganin wannan da idonka gobe da safe. Ka nufi farin bango da madubin, ko wani ɓangare na sama da ke nesa da rana, ka ja kanka baya kamar taƙi guda daga maleƙin. Za ka ga ɗan da'irar haske tana shawagi a saman gilashin. Duk hoton ta cikin wannan da'ira yake shiga idonka. Da H20 faɗinta milimita 2 ne. Da SR4 ba ta kai rabin milimita ba. Ka ƙara Barlow, sai ta koma kaurin silin gashi biyu. In da'irar ta gaza rabin milimita, abin da ido ke fara gani shi ne ƙurar da ke kan gilashi da 'yan zarurrukan da ke yawo cikin ruwan idon mutum kansa, suna gilmawa a kan fuskar wata.

Daga nan ne ake samun hanyar zaɓe mafi gajarta, wadda za ta yi wa duk mai karatu amfani ko wane irin madubi gare shi. Ka raba F da D. A naka, 700 a raba da 70 ya ba da 10. To maleƙi mai lamba 10 shi ne abokin aikinka na kullum, ninkinsa 70. Rabin wannan lamba, wato 5, shi ne iyaka. Maleƙin babban ninki a tsakaninsu ake nemansa: 7 ya ba ka 100, 6 ya ba ka kusan 117. Wanda ke da madubi mai D=114 da F=900, lamba 6 za ta kai shi 150. Mai D=130 da F=650, lamba 5 za ta ba shi 130. Mai babba irin D=200 da F=1200, a takarda yana iya kai 400, amma lamba 6 mai ba da 200 ita zai fi amfani da ita, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Me ya sa ban ce ka sayi lamba 5 ka cike 140 ɗinka ba? Saboda tsakaninka da wata akwai iska, kuma iskar ba a tsaye take ba. Ka tuna kwaltar nan da ta taso daga Damagaram ta ratsa garinku ta nufi Gure da Difa. Da tsakar ranar bazara in ka hango mota daga nesa, sai ka ga tana lanƙwashewa tana rawa cikin kawalwalniya. Iska mai zafi da mai sanyi ba sa karya haske daidai da juna, in suna cakuɗuwa hoto sai ya yi ta motsi. Da dare ma hakan na faruwa, ido ne kawai ba ya lura. Madubi kuwa yadda yake ninka girman wata haka yake ninka rawar iskar. Shi ya sa ko masu manyan madubai a ƙasashen da wannan sha'awa ta yi ƙarfi, yawancin darare ba sa wuce 150 zuwa 200.

A nan Gidigir na da rabo babba, tana kuma da nata ƙalubale. Rabon shi ne matsayinta a doron ƙasa. Kuna kusan digiri 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka hanyar da wata da duniyoyin Mushtari da Zuhal ke bi tana ratsawa ta saman kanku. Mushtari da Zuhal idan suka kai ƙololuwar tashinsu a dare, ba sa kasa digiri 50 daga ƙasa, wasu shekarun ma sai mutum ya ɗaga kai sosai. Mutumin Paris, a digiri 49, akwai shekarun da Zuhal ba ya tasar masa ko digiri 20. Abin da ke digiri 30 daga ƙasa, haskensa yana ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka, a digiri 20 kuma kusan ninki uku. Wannan kyauta ce da kuɗi ba sa saye, sai dai mutane da yawa suna zubar da ita saboda gaggawa: da sun hango tauraro ya ɓullo daga gabas bayan isha sai su nufe shi da babban ninki. Ka ba shi awa biyu ko uku ya hau tukuna.

Ƙalubalen kuwa zafin ƙasa ne. Rairayi da katangar laka da rufin kwano suna shan rana yini guda, su yi ta fitar da zafin har dare ya raba. In ka kafa madubi a tsakar gida kana hango Mushtari ta saman kwanon maƙwabci, ta cikin tururin zafi kake kallonsa. Haka in akwai murhu ko gawayin mai shayi ko injin wuta a gabanka. Ka fita fili, inda babu gini a ƙarƙashin abin da kake kallo. Ka fitar da madubin daga ɗaki rabin awa kafin ka fara, ya huce ya yi daidai da iskar waje, domin bututun da ya yini a ɗaki mai zafi shi ma yana da tasa kawalwalniyar a ciki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, farkon dare bai cika yin kyau ba. Gabanin asuba, bayan ƙasa ta huce, shi ne lokacin da hoto ya fi tsayawa.

Sai batun hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga arewa maso gabas, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, kuma ƙasar Gure na kan hanyarta. Mutane sukan ɗauka cewa da hazo ya sauka kallon sama ya ƙare. Gaskiya ne ga abubuwa masu raunin haske. Amma tsabtar sama daban, natsuwar iska daban. Akan sami dare mai siririn hazo, iska ta kwanta lamo, taurari ƙalilan ake gani, sai ka tarar Mushtari ya tsaya cak a maleƙi da layukansa. Akan kuma sami dare bayan ruwan sama ya wanke sararin, taurari birjik suna ƙyalƙyali, amma a babban ninki komai na tafasa. Alamar da za ka bi ita ce ƙyaftawar taurari. Ka dubi wani mai haske da ke sama sosai. In yana ƙyafta ido ba ƙaƙƙautawa, wannan daren na H20 ne. In ya natsu, ka fito da lamba 6.

Ka ce kafin yaro ya leƙa abin ya ɓace. Juyawar duniya ce ka gani da idonka, kuma darasi ne mai kyau ga ɗalibai. Sama na gusawa digiri 15 a kowace awa. A ninki 525, ta ƙunƙuntaccen maleƙi irin SR4, abu na ratsa filin gani daga gefe zuwa gefe cikin sakan 15 ko 16. A ninki 100 da maleƙi mai matsakaicin fili, kana da minti biyu cur. Ga malamin da yara ke layi a bayansa, wannan bambanci kaɗai ya isa hujja. Ga kuma ƙafafun madubin: irin waɗannan masu zuwa a kwali sirara ne, taɓawa kaɗan hoto ya yi ta karkarwa. Kada ka zare su har ƙarshe, ka bar su gajeru ka zauna a kujera. Ka danna su cikin rairayi sosai, ka ɗaura ƙaramin buhun yashi a tsakiyarsu ya yi musu nauyi. Wannan dabara ba ta cin ko sisi, kuma sau da yawa tana gyara hoto fiye da sabon gilashi.

Yanzu ga wane iri za ka nema. Haruffan da ke gaban lambar suna faɗin yadda aka jera gilasan ciki. H na nufin tsarin Christiaan Huygens na ƙasar Holan, tun shekarun 1660, gilashi biyu kacal, an yi shi ne don dogayen madubai na wancan zamani masu tsawon mita da yawa. SR daga tsarin Ramsden yake na 1782, shi ma gilashi biyu. Suna da arhar ƙerawa, shi ya sa ake cusa su a kwali, araha kuwa ba ta ado: filinsu ƙunci, gefen hoto na fitar da launuka. K shi ne Kellner na 1849, gilashi uku, ya fi su nesa ba kusa ba. Sai Plössl na 1860, gilashi huɗu, filinsa kusan digiri 50, wanda shi ne ya fi yawa a kasuwa kuma hotonsa tsaf yake.

Sai dai Plössl na da wani aibi a ƙananan lambobi, kuma a nan ne masu saye ke yin da-na-sani. Tazarar da ake bari tsakanin ido da gilashi takan kai kashi bakwai cikin goma na lambarsa. A lamba 25 ba damuwa. A lamba 6 tazarar milimita 4 ce, ramin leƙen ma ɗan mitsitsi. Sai mutum ya manna ido har gashin ido na sharar gilashin. In ɗalibai talatin suka leƙa, wasu da kwalli a ido, wasu da man shafawa, kafin a zo kan na goma gilashin ya dusashe, maiƙon kuma ya kama ƙura. Mai tabarau kuwa ba zai ga komai ba sai ya cire.

Hanya biyu ke gare ka. Ta farko, ka nemi maleƙin zamani mai lamba 6 ko 7 wanda aka rubuta cewa tazarar idonsa ta kai milimita 15 ko kusa da haka, filinsa kuma digiri 58 zuwa 68. Kamfanoni da dama na sayar da irinsu a farashi mai sauƙi. Gilashin samansu faffaɗa ne, yaro na leƙawa ba wahala, faɗin filin kuma na ƙara lokacin da abu zai yi kafin ya fice. Ni wannan nake ba ka shawara. Ta biyu, ka sayi Plössl mai lamba 12 tare da Barlow mai kyau mai ninki biyu. Shi kaɗai zai ba ka 58, da Barlow kuma kusan 117, tazarar idon ba ta ragu ba. Barlow 3x ɗin kwali kuwa ka ajiye shi gefe. Akwai kuma maleƙi mai murɗawa daga 24 zuwa 8, wanda a madubinka zai tashi daga 29 zuwa 87 ba tare da an zare komai ba. Bai kai ɗaiɗaikun kaifi ba, amma a garin da ƙura ke shiga bututu duk lokacin da aka buɗe shi, ba abin rainawa ba ne. Su kuwa manyan masu tsada, irin Nagler na kamfanin Tele Vue mai filin digiri 82 wanda ya fito a farkon shekarun 1980, kyansu ba a magana, sai dai guda ɗaya ya ninka kuɗin madubinka gaba ɗaya, kuma ba zai nuna maka ramin da bai kai kilomita 3 ba.

Kafin ka tura kuɗi Yamai ko Kano, ko ka sa a yi maka oda ta intanet, ka auna gindin maleƙin da kake da shi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a banza. Akwai mai faɗin milimita 24.5, wanda yawancin masu H da SR ke zuwa da shi, akwai mai 31.7, wanda kusan duk maleƙai masu kyau ke da shi a yau. In ba ka da abin awo a kusa, ɗauki ƙwandalar dala ashirin, faɗinta milimita 26 ne, ka ɗora a gindin maleƙin. In ƙwandalar ta rufe shi, naka ƙaramin ne. In gindin ya fi ta faɗi, babban ne. Idan ƙaramin ne, to sai ka haɗa da mahaɗin da ke karɓar 31.7 ya shiga ramin 24.5, in ba haka ba kaya zai iso tashar Damagaram, ka je ka karɓo, ya ƙi shiga. Da ya iso hannunka kuma ka karkata shi a haske. Gilashin da aka yi wa shafen hana ƙyalli yakan nuna launin kore ko shuɗi mai duhu, cikin bututunsa kuma baƙi ne wuluk.

To me za ka gani a ninki 100 zuwa 117? Abu mai yawa. Masanin taurari Galileo da ninki kusan 20 ya gano watanni huɗu na Mushtari a Janairun 1610. Huygens da kusan 50 ya gano Titan, babban watan Zuhal, a 1655, ya kuma bayyana a 1659 cewa zobe ne ke kewaye da shi. Madubinka ya fi nasu ingancin gilashi. Mushtari a ninki 40 kacal, lokacin da ya fi kusa, girmansa a maleƙi ya kai yadda ido ke ganin cikakken wata. A 100 za ka ga layuka biyu masu duhu a gicciye, ka ga watanninsa huɗu na sauya wuri daga dare zuwa dare. Ka sa yara su riƙa zana matsayinsu a littafi mako guda, za su gane kewayawa da kansu. Zoben Zuhal ya juyo mana da kaifinsa a Maris 2025, daga nan yana ta buɗewa a hankali har zuwa 2032, kowace shekara ya fi na bara kyau. Zara tana nuna siffa irin ta wata, wani lokaci rabi, wani lokaci lauje. Mirrihi ƙarami ne, sai ya matso kusa duk bayan wata 26, kamar yadda zai yi a Fabrairun 2027. Waɗannan sunaye ba baƙi ba ne a ƙasarmu: lokacin da Baturen matafiyi Clapperton ya isa Sakkwato a 1824 ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya san buruji da taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Wata kuwa shi ne babban rabonka. Kada ka jira daren sha huɗu, domin a lokacin rana na haska shi kai tsaye, babu inuwa, fuskarsa sai ta zama shafe. Ka neme shi daga biyar zuwa goma ga wata, ka bi layin da ya raba haske da duhu. A nan inuwar duwatsu ke miƙewa, ramuka su fito da zurfinsu. Ramin Copernicus faɗinsa kilomita 93 ne. Clavius, can kudancin wata, ya haura kilomita 200, wato ya fi nisan Damagaram zuwa Gure, kuma a cikinsa za ka ƙirga ƙananan ramuka jere kamar baka.

Taurari na ainihi kuwa, ko sau dubu ka ninka, ɗigo za su ci gaba da zama saboda tsananin nisansu. In ka ga tauraro ya zama ƙwallo, saitin ne bai yi ba. Kuma duhun daren Gidigir, wanda mutumin Kano ko Yamai ba ya samu saboda fitilun birni, ƙaramin ninki ne ke cin moriyarsa. Kaza da 'ya'yanta sun bazu a filin da ya kai faɗin wata uku ko huɗu, lamba 6 ba za ta nuna maka sai biyu ko uku daga cikinsu ba. Don haka in kuɗi ya ragu, Plössl mai lamba 25 ya maye gurbin H20. Kullum da shi za ka fara: ka nemo abin, ka kawo shi tsakiya, sannan ka sauya zuwa babban ninki. Ka kuma daɗe kana kallo. Iska takan lafa na sakan ɗaya ko biyu, a wannan ɗan tsakanin ne layukan Mushtari ke fitowa tar, mai leƙen gaggawa ba ya riskarsu.

Na san da mutanen gari sun ji kana da madubi za su neme ka ranar duban watan azumi ko na salla. Babban ninki ba ya wannan aiki. Jinjirin wata siriri ne, yana ƙasa-ƙasa inda iska da ƙura suka fi kauri, haskensa kuma kaɗan ya fi na sararin da ke bayansa. Ƙaramin ninki mai faɗin fili ake so, ko ma tabarau mai ido biyu irin 7x50. Hukuncin ganin kuwa na malamai ne da majalisar da ke sanarwa, ba nawa ba. Abin da ke wuyana in faɗa maka shi ne, a ranar duban wata, kada ka buɗe madubin sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Leƙe ɗaya aka yi wa rana ta madubi, ido ya ƙone, kuma ba ya warkewa. In a kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da aka ce ana murɗa shi a gindin maleƙi don kallon rana, ka fasa shi ka jefar tun yau. Yana zama ne daidai inda zafi ke taruwa, yakan tsage farat ɗaya ido na kai. Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana wanda za a ga wani ɓangarensa a Nijar, yara za su matsa maka, ka ja musu kunne tun kafin lokacin. Da rana kada ka bar madubin a waje ba mai tsaro.

Saura kula da abin da ka saya. Ƙurar ƙasarku akwai ƙwayoyin yashi a cikinta, yashi kuwa ya fi gilashi tauri. Kada ka goge maleƙi da bakin riga ko gefen rawani, kowace gogewa karce ce da ba ta fita. Ka nemi 'yar robar nan mai matsawa da ake sayarwa a kantin magani don share hancin jarirai, ka riƙa hure ƙurar da ita, gilashin na kallon ƙasa. In maiƙo ne, bayan ka hure, sai ka ɗiga alkol kaɗan a auduga mai tsabta, ka shafa sau ɗaya daga tsakiya zuwa gefe, ka sake sabuwar auduga. Kada ka zuba ruwan a kan gilashin kai tsaye, zai zirara tsakanin gilasan ciki. Kada kuma ka kwance shi don wankewa, jera su yadda suke da wuya ne. 'Yar ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto, yawan goge-goge ne ke ɓatawa. Da ka gama kallo ka mayar da murafunsa biyu, ka sa shi cikin roba mai murfi mai kamawa, ramin bututun ma ka toshe shi kafin ka ɗauki madubin zuwa ɗaki.